Daga Bakin Bindiga Zuwa Bakin Yaro: Tarihin Hular Ƙarfe ta Haƙori

Haƙori mai hula ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Duk wanda ya taɓa zuwa tarbar alhazai ya san haƙorin Makka, ɗan ƙyallin nan na zinariya ko azurfa da ke leƙowa idan hajiya ta yi murmushi. Lafiyayyen haƙori ake samu a sa masa kube, don ado da kuma shaidar an je an sauke farali. Akwai kuma wata hular da ba a taƙama da ita. Can ƙuryar baki take zama, a kan turamen yara ƙanana da ruɓa ta ci, kuma da irin ƙarfen nan ake yin ta da muke kira silba a kasuwa, na kofi da cokali da kwanon abinci. Sama da shekara 70 ke nan likitocin haƙori suna aiki da ita. An yi ta neman abin da zai ture ta saboda ba ta da kyan gani, har yau tana nan.

Sa wa haƙori ƙarfe tsohon abu ne. Mutanen Etruriya, waɗanda suka zauna a tsakiyar Italiya kafin Rumawa su yi ƙarfi, sun bar haƙora ɗaure da zirin zinariya a kaburburansu ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A 1746 wani likitan Faransa, Claude Mouton, ya bayyana yadda ake rufe lalataccen haƙori da kuben zinariya. A ƙarshen ƙarni na 19 Charles Land na birnin Detroit ya fito da hular tangaran mai launin haƙori. A 1907 kuma William Taggart na Chicago ya nuna wa abokan sana'arsa yadda za su siffata abin da suke so da kaki, su lulluɓe shi, su narkar da kakin, su zuba narkakkiyar zinariya a gurbinsa. Maƙeran tagulla na Ife da Benin sun daɗe da sanin wannan dabara, amma a cikin baki sabon abu ne.

Dukkan waɗannan huluna na mutum ɗaya ake yin su. Sai an fere haƙorin, an ɗauki siffarsa, an kai wa maƙeri, sannan a dawo bayan kwanaki a gwada. Aiki ne na babba mai kuɗi kuma mai haƙuri, yaro ɗan shekara huɗu kuwa ba shi da ko ɗaya daga ciki. Babu ma uban da zai zuba zinariya a haƙorin da kowa ya san famfara za ta tafi da shi. Saboda haka abu biyu ne rabon yaro: ko a cire, ko a yi masa ciko da amalgam, wato haɗin azurfa da kuza da tagulla da aka kwaɓa da zaiba.

Ƙarfen da ya sauya lissafin, neman makami ne ya haifar da shi. Harry Brearley ɗan ma'aikacin ƙarfe ne a Sheffield ta Ingila, ya bar makaranta yana da shekara 12, ya shiga masana'anta yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, har ya kai ga shugabantar ɗakin bincike na Brown Firth. An ba shi aikin gano dalilin da ke sa cikin bututun bindiga ke saurin cinyewa saboda zafin harbi. Sai ya shiga haɗa ƙarfe da kromiyam yana ƙara yawansa. A watan Agusta na 1913 ya narka wani haɗi mai kromiyam kashi 12.8 cikin 100. Da ya zo duba shi a madubin ƙara girma, sai ruwan asid ɗin da aka saba ɗiga wa ƙarfe don zanensa ya fito ya kasa cin sa. Maganar bindiga ba ta je ko'ina ba. Amma Sheffield garin wuƙa da cokali ne, kuma Brearley ya gane abin da ke hannunsa. Wani abokinsa mai sarrafa wuƙaƙe, Ernest Stuart, ya ƙera wuƙaƙen farko da shi, ruwan tsami bai ɓata su ba.

Jamusawa ba su yarda Brearley ne na farko ba, kuma suna da hujja. Tun a watan Oktoba na 1912 kamfanin Krupp na birnin Essen, wanda shi ma da makamai ya yi suna, ya yi rajistar wani ƙarfe mai kromiyam da nikel da Benno Strauss da Eduard Maurer suka haɗa, wanda aka sani da V2A. Wannan dangin ƙarfen shi ne ya shafi labarinmu, domin nikel na sa shi laushin sarrafawa: ana iya matse shi ya zama siriri, a lanƙwasa shi bai tsage ba, kuma yana ƙara tauri gwargwadon yadda aka sarrafa shi. A 1924 William Hatfield, wanda ya gaji Brearley a Brown Firth, ya daidaita haɗin da ya zama gama-gari, kromiyam kashi 18 da nikel kashi 8.

Abin da ke hana shi tsatsa ba a ganinsa da ido. Idan kromiyam ya kai kashi 10 da ɗoriya a cikin ƙarfe, yakan haɗu da iskar oksijin ya yi wani siririn rufi a fuskar ƙarfen. Ko an karce rufin, nan take wani ke sake fitowa. Wannan kuwa shi ne abin da baki ke buƙata, wuri mai ɗumi da jiƙa dare da rana, ga gishiri, ga tsami, ga ƙarfin tauna.

Krupp na da asibitin haƙori na ma'aikatansa, kuma shugabansa Friedrich Hauptmeyer shi ne ya fara kai wannan ƙarfe cikin baki a 1919. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare ke nan, Jamus ta talauce, zinariya ta yi wuyar samu. Hauptmeyer ya riƙa matse farantin V2A yana yin gindin haƙoran roba da shi, kamfanin kuma ya fitar da shi kasuwa da sunan Wipla. Inda abin ya fi yaɗuwa a bakin manya shi ne Tarayyar Sobiyet. Gwamnati ta ɗauki alhakin lafiyar miliyoyin mutane, zinariya kuma tana da wasu hidimomin, don haka tun daga shekarun 1930 ƙarfe marar tsatsa ya zama haƙorin talaka. Daga baya har rufi mai ruwan zinariya aka riƙa yi masa da sinadarin titaniyam. Dattawan da suka rayu a wancan zamani, daga Mosko har Tashkent, da yawa sun tsufa da irin wannan murmushi.

A Amurka hanyar daban ce. Wani likitan daidaita haƙora a birnin Denver, Archie Brusse, ya kafa kamfanin Rocky Mountain a 1933 yana ƙera wayoyi da zobban daidaita haƙora da ƙarfe marar tsatsa a madadin zinariya. Wanda ya iya yin zoben da ke zagaye turmi, sauransa kaɗan ya rufe samansa. A 1947 kamfanin ya fito da hulunan ƙarfe na turamen yara, sannan a 1950 likita William Humphrey ya wallafa bayanin yadda yake amfani da su, wani likitan mai suna Engel shi ma ya yi rubutu a kai a shekarar. Daga nan ake fara ƙirga tarihin wannan hula.

Ƙarfen ya riga ya shekara 30 a baki, saboda haka ba shi ne sabon abu ba. Sabon abu shi ne an daina jiran maƙeri. An lura cewa turamen yara ba su bambanta da juna sosai ba, sai aka ƙera hulunan tun daga masana'anta lamba-lamba, kamar takalmi a kanti. Yaro na da turame takwas, biyu a kowane ɓangare sama da ƙasa, kowanne da siffarsa. Akwatin da aka fi sani a yau yana ba kowane turmi lamba shida, jimla gurbi 48. Likita ya auna, ya ɗauko, ya gwada, ya liƙa, a zama ɗaya.

Sai an san halin haƙorin yarinta kafin a gane dalilin da ya sa wannan ya yi tasiri. Haƙoran 20 ne, sukan gama fitowa kafin yaro ya cika shekara 3. Na gaba sukan fara zubewa a wajen shekara 6, shi ya sa iyaye ke ɗauka duk na ɗan lokaci ne. Turame kuwa suna nan har shekara 9 zuwa 12. Turmin da ya fara ruɓewa yaro na ɗan shekara 4 yana da sauran aikin shekara shida ko bakwai a gabansa. Aikin kuma bai tsaya ga tauna ba. A wajen shekara 6 turmin girma na farko yakan fito a bayan turamen yarinta, yana jingine da su. Idan an cire na gabansa da wuri, sai ya gangaro gaba ya cinye filin haƙorin da ke jiran fitowa, daga baya a ga haƙora sun hau juna.

Ga shi kuma haƙorin yarinta ba ya riƙe ciko da kyau. Farin ɓawonsa bai wuce rabin kaurin na babba ba, ɗakin jijiyarsa kuma babba ne, yana kusa da waje. Ruɓa kan isa jijiya da sauri. Idan likita ya haƙa rami mai zurfin da zai riƙe amalgam, zai iya faɗawa kan jijiyar. Idan ya yi shi sama-sama, cikon ya karye ko ya faɗo, musamman in ruɓar ta ci gefe biyu ko uku. Amma turmin yaro na da wata siffa da ta zama alheri: yana da ɗan tudu a kusa da dasashi, sannan ya tsuke a ƙasa. Bakin hular ƙarfe, saboda siriri ne mai ɗan tsalle, yakan buɗe ya haye tudun, ya sake tsukewa a ƙarƙashinsa. Likitoci kan ji ɗan ƙarar shigarta, su san ta zauna. Idan lokacin famfara ya yi, saiwar haƙorin ta narke yadda ta saba, ya faɗo da hularsa a kai.

Hulunan farko sun ba likitoci wahala. Dogaye ne, gefensu a miƙe, sai an sa almakashi an rage, an sa filaya an lanƙwasa bakin, an goge. A hankali kamfanoni irin su Unitek da 3M suka riƙa fito da waɗanda aka riga aka datse, aka ba su ƙugu irin na haƙori. An taɓa yin wasu da nikel ya kai kusan kashi 70, daga baya aka koma ga ƙarfe mai nikel wajen kashi 10, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya shiri da nikel. A 1968 Mink da Bennett suka tsara matakan da suka shiga littattafan koyarwa: a yi allurar kashe zafi, a gurje ruɓar gaba ɗaya, a rage saman haƙorin da milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a fere gefensa biyu da ke maƙwabtaka da sauran haƙora, sannan a sa hula.

Daga shekarun 1970 aka fara bin bayanan asibitoci ana kwatantawa. Braff a 1975, Messer da Levering a 1988, Roberts da Sherriff a Landan a 1990, Einwag da Dünninger a Jamus a 1996, duk bakinsu ya zo ɗaya: hula ta fi cikon amalgam daɗewa a turmin da ruɓa ta ci fiye da gefe ɗaya, duk da cewa haƙoran da suka fi lalacewa ake sa wa hular. A Amurka ta zama abincin yau da gobe na likitocin yara. A Birtaniya kuwa ana koyar da ita a jami'a, ana yabonta a takarda, amma likitocin unguwa ƙalilan ne ke taɓa ta. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gano dalili. Allura a dasashin yaro mai kuka, ga ƙarar inji, ga rabin awa a kujera, ga kuɗin da hukumar lafiya ke biya bai taka kara ya karya ba. Da yawa suka zaɓi su shafa ɗan ciko ko su bar haƙorin haka nan.

A ƙarƙashin wannan duka akwai wata aƙida da ba a taɓawa. Tun 1890 Willoughby Miller, Ba'amurke da ke aiki a Balin, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne ke cin sukari da sitaci a baki su fitar da asid, asid ɗin ya narkar da haƙori. G. V. Black, wanda ake kira uban aikin haƙori na zamani a Amurka, ya gina koyarwarsa a kan cewa dole a kankare duk wurin da ya ruɓe, a ma ƙara faɗaɗa ramin don rigakafi. Kusan shekara 100 wannan ne karatun. Barin ruɓa a ƙarƙashin ciko, a idon malamai, sakaci ne da zai iya kayar da ɗalibi a jarrabawa.

A Buckie, wani ƙaramin garin masunta a gaɓar arewa maso gabashin Sikotland, akwai wata likitar unguwa mai suna Norna Hall. Yankinta na da yawan ruɓewar haƙori a tsakanin yara, asibitin ƙwararru kuma da nisa. A ƙarshen shekarun 1980 ta fara sa hular ƙarfe yadda littafi ya ce, sai ta riƙa zubar da matakan ɗaya bayan ɗaya tana kallon abin da zai biyo baya. Ƙarshenta ta bar allura, ta bar inji, ta bar kankare ruɓar, ta bar fere haƙorin. Takan zaɓi lambar da ta dace, ta cika hular da siminti, ta ɗora a kan haƙorin yadda yake, ta danna da yatsa, ta ce wa yaro ya ciza. Shi ke nan.

Ba ta yi shela ba, ba ta rubuta maƙala ba. Sai a 1997, lokacin da ake bin diddigin yadda ake kula da haƙoran yara a yankin, aka ci karo da ita: likita ɗaya da ke sa huluna da yawa alhali sauran ba sa yi, kuma ta hanyar da ta saɓa wa duk abin da ake koyarwa. A nan ne, a ganina, labarin ya fi daɗin ji. Abu mafi sauƙi ga malaman jami'a shi ne su tsawata mata su wuce. Malaman Jami'ar Dundee, Dafydd Evans da David Stirrups, da Nicola Innes wadda ta ɗauki aikin a kanta, sai suka ce a buɗe fayiloli a gani. Ita kuma Hall ta yi abin da ya cece ta, wato ta adana bayanan kowane yaro. A 2006 aka wallafa sakamakon: huluna 975 a bakin yara 259, daga 1988 zuwa 2001, kuma daɗewarsu ta yi kafaɗa da kafaɗa da abin da ake samu ta hanyar da aka saba.

Bayanan likita ɗaya ba sa isa hujja, don haka aka shirya gwaji na sosai. Likitocin unguwa 17 a yankin Tayside suka ɗauki yara 132 'yan shekara 3 zuwa 10, kowane yaro da ruɓaɓɓun turame biyu masu kama da juna. Ɗaya aka yi masa cikon da likitan ya saba, ɗaya aka sa masa hula ta hanyar Hall, ƙuri'a ce kuma ke zaɓar wanne zai sami wanne. Ta haka baki ɗaya ne, abinci ɗaya, goge baki ɗaya. Sakamakon 2007 ya nuna cewa bayan kusan shekara biyu, babbar matsala irin ta ciwon jijiya ko ƙurji ko cire haƙori ta sami kashi 15 cikin 100 na masu ciko, masu hula kuwa kashi 2. A 2011, da aka bi su har shekara biyar, alƙaluman suka zama 17 da 3. Ƙananan matsaloli kamar faɗuwar ciko ko sabuwar ruɓa, 42 da 5. Yawancin yaran da iyayen da likitocin kuma sun ce hanyar Hall suka fi so.

To ina ruɓar da aka rufe ta tafi? Tana nan, amma ta tsaya. Ƙwayoyin cutar da Miller ya bayyana suna rayuwa ne da sukarin da ke shigowa daga baki. Idan aka liƙe su ta ko'ina, abinci ya yanke, yawansu ya ragu, asid ya ƙare, jijiyar haƙorin kuma ta sami sararin gina sabon bango daga ciki. An riga an ga alamun haka. Stanley Handelman ya nuna a shekarun 1970 cewa ƙwayoyin cuta na raguwa ƙwarai a ƙarƙashin abin da aka liƙe, kuma a 1998 Eva Mertz-Fairhurst a jihar Jojiya ta wallafa binciken shekara 10 kan ruɓar da aka rufe ba tare da an kankare ba, wadda ba ta ci gaba ba. Akwai kuma taimakon simintin da ake cika hular da shi, wato simintin gilas da Alan Wilson da Brian Kent suka haɗa a ɗakin binciken gwamnati a Landan, suka bayyana shi a 1972, wanda ke kama jikin haƙori da kansa yana kuma sakin fuloraid. Idan aka haɗa waɗannan, sai a ga cewa shekara 40 ana yaba wa hular ƙarfe saboda ƙarfinta, alhali babban aikinta shi ne toshe ƙofa.

Masu suka ba su yi shiru ba, kuma wasu maganganunsu na kan hanya. Sun ce akasarin cikon da aka kwatanta da hular a Tayside na simintin gilas ne, wanda aka san ba ya jure babban rami, don haka abokin karawar rago ne. Amsar wannan ta zo daga Greifswald ta Jamus, inda Ruth Santamaría da abokan aikinta suka sake gwajin da ciko mafi inganci, a 2014 suka wallafa cewa hular ce dai a gaba. Masu sukar sun kuma ce tunda ba a rage haƙorin ba, hular za ta yi tsayi, baki ya ƙi rufuwa daidai. Gaskiya ne, yakan faru, amma bakin yaro mai girma ne, cikin 'yan makonni cizon ke komawa daidai. Sukar da ta fi nauyi ita ce hanyar na iya zama mafakar malalaci. Idan ruɓa ta riga ta isa jijiya, ko akwai ciwon da ke hana barci, ko kumburi, ko mugunya, rufe haƙorin ɓarna ce. Masu koyar da hanyar da kansu suna nanata cewa a ɗauki hoton haƙorin a ga akwai sauran lafiyayyen bango tsakanin ruɓa da jijiya. Sauƙin yana hannu, wahalar tana wajen tantance wane haƙori ya dace.

Akwai ma wani gwajin da ya rage wa kowa zaƙi. A 2002 wani bincike daga arewa maso yammacin Ingila ya tayar da ƙura da ya nuna cewa a hannun likitocin unguwa, turamen da aka yi wa ciko da waɗanda aka bari ba su bambanta sosai ba wajen ƙarewa da ciwo ko cirewa. Don a raba gardama aka shirya gwajin FiCTION, yara 1,144 a asibitoci 72 na Sikotland da Ingila da Wales, aka kasa su uku: masu ciko na gargajiya, masu rufe ruɓa har da hanyar Hall, da masu rigakafi kawai. Bayan kusan shekara uku, waɗanda suka yi fama da ciwo ko ƙurji sun kai kashi 42 da 40 da 45. Kusan babu bambanci. Wannan gwaji yaro yake ƙirgawa gaba ɗayansa, ba haƙori ɗaya ba, kuma abin da ya fito fili shi ne hula haƙorin da ta rufe kaɗai take karewa. Yaron da ke kwana da alewa a baki yana da sauran haƙora 19.

A Amurka matsalar ta zo ta ɗaya gefen. Inda ake biyan likita gwargwadon yawan aikin da ya yi, hula mai saurin sawa na iya zama hanyar tatsar kuɗi. A watan Janairu na 2010 kamfanin FORBA, mai kula da jerin asibitocin Small Smiles, ya amince ya biya dala miliyan 24 don sasanta zargin da gwamnati ta yi masa na yi wa 'ya'yan talakawa ayyukan da ba sa buƙata, ciki har da cire jijiya da sa huluna, ana karɓar kuɗin daga shirin lafiya na gwamnati mai suna Medicaid. Hotunan yara da baki cike da ƙarfe sun ɓata wa hular suna a idon iyaye da yawa, duk da laifin ba nata ba ne.

Launinta dai shi ne ƙorafin da ya ƙi ƙarewa. A shekarun 1980 da 1990 aka riƙa manna farin rufi a fuskarta, sai dai yakan ɓare. A 2008 aka fara sayar da fararen huluna na zirkoniya don yara, kyawawa ƙwarai, masu tauri. Taurin ne kuma cikas ɗinsu: ba sa buɗewa su haye tudun haƙori, ba a lanƙwasa bakinsu, sai an fere haƙorin sosai kafin su shiga, wanda ke nufin allura da inji sun dawo, ga tsada ninki-ninki. A haƙoran gaba, inda ido ke sauka, sun samu karɓuwa. A turame, ƙarfen na nan daram. Wasu abubuwa biyu ma sun ƙara masa kasuwa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba ta sa Tarayyar Turai ta hana yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 cikon amalgam daga Yulin 2018. Sannan a 2020, da korona ta sa ake gudun duk injin da ke fesa yawu a iska, hanyar da ba ta buƙatar inji ta zama abin nema.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa yara miliyan 514 ne ke da ruɓa a haƙoran yarinta, kuma mafi yawansu suna ƙasashen da likitan haƙori ke da wuyar gani. Hanyar da ba ta dogara da wutar lantarki ko allura ba, a irin waɗannan wurare ya kamata a gwada ta, kuma an gwada. A Sudan, Fadil Elamin da abokan aikinsa sun wallafa gwaji a 2019 kan yara 'yan shekara 5 zuwa 8. Bayan shekara biyu fiye da kashi 90 na hulunan suna nan lafiya ta hanyoyin biyu, amma ta Hall wajen minti 9 take ɗauka, ta gargajiya fiye da rabin awa, kuɗinta kuma bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. A Legas ma likitocin asibitin koyarwa na jami'a sun kwatanta hanyoyin biyu suka wallafa a 2021, sakamakon bai saɓa wa na sauran wurare ba.

Abin da ke tsakanin wannan sakamako da bakin ɗan Kano ko Damagaram abu biyu ne. Hulunan daga waje ake shigo da su, kuma likita ba zai sayi guda ɗaya ba, sai ya tanadi akwatin lambobi kafin ya san wacce za ta dace da yaron da ke gabansa. Na biyun ya fi wuya. A wurinmu ba a cika kai yaro wurin likitan haƙori don an ga ɗan baƙin ɗigo a turminsa ba. Sai ya kwana biyu yana kuka, an gwada kanumfari da ruwan gishiri, kunci ya kumbura. A wannan matakin ruɓa ta riga ta isa jijiya, hanyar Hall ta wuce, abin da ya rage shi ne a yi aikin jijiya da allura da inji sannan a sa hular, ko a cire haƙorin.